Fuska Ɗaya, Masu Zane Biyu

A watan Agusta na 1962 aka tsinci gawar Marilyn Monroe a gidanta da ke Los Angeles, tana da shekara 36. Shekarar ba ta ƙare ba Andy Warhol ya ɗauko hotonta na tallar fim ɗin Niagara ya buga shi sau 50, rabi da launi mai kashe ido, rabi baƙi da fari yana dusashewa. Kai ne kawai babu gangar jiki, an jera shi sahu-sahu kamar yadda ya jera gwangwanayen miyar Campbell's. Salon da ake kira Pop ke nan: mai zane ya kwaso kayan aikinsa daga talla da mujallu da fina-finai.

A Landan kuma wata budurwa mai suna Pauline Boty ta zana matar nan a 1963, ta sa wa zanen suna The Only Blonde in the World. Yawancin allon kore ne da jajayen zane masu lanƙwasa. Marilyn tana tsakiya a wani ɗan siririn fili, kamar an buɗe labule kaɗan aka hango ta. Farin kaya ne a jikinta, tana tafe tana dariya, buroshin ya bi ƙafafunta da gaggawa har ka ga motsi. Ba ta tsaya don a ƙare mata kallo ba, wucewa take yi, kuma koren nan na gefe biyu yana neman rufe ta.

Warhol ya faɗi gaskiya a kan kasuwa: an mayar da mace haja. Amma wajen faɗar hakan shi ma hajar ya sake jerawa. A ganina Boty ta fi shi zurfi, domin ta haɗa abubuwa biyu da mutane ba sa son haɗawa. A zanenta, Marilyn tana jin daɗin kwalliyarta da ɗaukakarta, kuma wurin da aka ba ta bai fi taku biyu ba. Ka tuna sunan yankanta Norma Jeane, farin gashin ma rini ne. Wacce duniya ta sani ƙirƙirarta aka yi, da hannun kamfanonin fim da nata hannun.

Abin da ya kamata mai kallo ya koya a nan tambaya ce: wa ya yi hoton, kuma me ya bar wa mai hoton ta yi a ciki? Tambayar ba ta yi mana nisa ba. Fuskokin 'yan matan Kannywood suna manne a bayan adaidaita sahu da ƙofar shagunan gyaran gashi, kowa na da ta cewa a kansu, amma da wuya a tambayi wacce aka manna ko haka take ganin kanta.

Boty ta san ciwon daga ciki. Tun tana makarantar zane ta Wimbledon aka laƙaba mata sunan 'yar fim Brigitte Bardot saboda kyanta, sai kyan ya sha gaban aikin. A Royal College of Art sashen gilashi mai launi ta shiga, zanen fentinta kuwa a gida take yi. Tana da ciki likitoci suka gano tana da ciwon daji, ta ƙi maganin da zai cutar da abin da ke cikinta. Ta haifi 'ya mace, ta rasu a watan Yuli na 1966 tana da shekara 28.

Zanukanta suka yi kusan shekara 30 a jibge a rumbun gonar ɗan'uwanta a Kent, yayin da abokan tafiyarta maza irin su Peter Blake suke ta shan yabo. Sai da masanin tarihin zane David Alan Mellor ya bi sawunsu ya fito da su baje kolin Barbican a 1993. Gidan adana zane na Tate ya sayi zanen Marilyn ɗin a 1999.