Gargaɗi Ga Masu Neman A Tona Asirin Yaro A Ɗakin Likita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai suturce bayinsa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa malamai da almajirai, wata magana ta yaɗu cikin garuruwanmu, kuma ni ina inkarinta. Mutane suna cewa, in saurayi ko budurwa suka je asibiti da ciwon da ya shafi al'aura, wajibi ne likita ya aika wa uba, ko ya faɗa wa mai unguwa, wai in ya rufe ya taimaki fasadi. Har wasu masu rawani suna faɗin haka a kan buzu. Ina tambayarsu, a wane littafi suka gani?

Abin da muka karanta cikin Muwaɗɗa shi ne, da Ma'izu ya kai kansa ga haddi, Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya nuna wa Hazzalu cewa da ya suturce shi da ya fiye masa alheri. Wannan fa wanda ya yi iƙirari da bakinsa ke nan. To, ina ga yarinyar da ba ta zo da kome ba sai ciwo? Ciwo ba shaida ba ne. Ƙanjamau yana shiga ta ƙarin jini, ta allura, ta askar da ba a tsabtace ba, ta nonon uwa. Ƙaiƙayin gaba kuwa yana kama budurwar da namiji bai taɓa ta ba. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin daga bakin ma'aikaciyar asibiti, ya ɗauka ya kai bakin rijiya, ya tuna Suratun Nur ta ajiye bulala 80 ga mai jifan kamammiya ba da shaidu 4 ba.

Ku dubi kuma abin da tonon yake haifarwa. Yaro in ya san maganarsa za ta riga shi isa gida, ba zai je ba. Sai ya tafi kemis da dare, ko wurin mai tallar magani a tasha, ya sha rabin ƙwayoyi ya bari. Ciwon sanyi ya lafa, bai mutu ba. A jikin mace ya hau ya toshe hanyar ƙwai, sai bayan shekaru a ce juya ce, a yi mata kishiya, a sake ta. Kaito! Kuma da yawa cikin waɗannan 'yan mata matan aure ne. Amarya mai shekara 15 takan ɓoye cikin fari don kunya, ta ƙi zuwa awo domin mai awon maƙwabciyar surukarta ce. Naƙuda ta yi kwanaki a ɗaki, ɗan ya mutu, ita ta tashi da yoyon fitsari. Wanda yake shakka ya je Babbar Ruga a Katsina ya gani.

Ba na cewa uba ba shi da hakki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, da ta zauna a Burunai cikin 1993, ta hukunta cewa sirrin marar lafiya amana ne a wuyan likita, ba a buɗe shi sai in rufewar ta fi buɗewa cutarwa. Haka dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana fitar da labarin marar lafiya sai da izininsa ko da dalilin da doka ta ambata. In an yi wa yarinya fyaɗe, ko ranta yana cikin haɗari, lalle a sanar da wanda zai kare ta, gwargwadon larura. In ba haka ba, likita ya yi magani, ya yi nasiha, ya lallashi yaron ya gaya wa mahaifiyarsa ko gwaggonsa da bakinsa.

Ku kuwa malamai, almajirin da ya zo muku da irin wannan ciwo, ku raka shi asibiti, ku tsaya a ƙofa, kada ku tambayi likita abin da aka ce a ciki.

Wassalamu.