Makyarkyatar Bayan Tiyata: A Riƙa Yi Wa Majinyaci Bayani Da Hausa

Shekaru biyu da suka wuce aka yi wa maiɗakina tiyata aka ciro mata jariri. Ko da aka gunguro ta daga ɗakin tiyata, sai jikinta ya ɗauki ɓari, haƙora na haɗuwa. Surukata ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, ƙanwarta kuwa har ta soma tofi tana zargin iska. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta yi mata allura, cikin 'yan mintoci abin ya lafa. Da na tambaye ta ko allurar mece ce, cewa ta yi: "Ta barci ce, Malam." Iyakar bayanin da muka samu ke nan.

Ni ba likita ba ne, nazarin harshe na karanta, amma amsar nan ta sa na shiga bincike. Ashe zafin cikin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, kuma allurar da ake yi domin tiyata, ko ta sa barci ko ta ƙashin baya, tana buɗe hanyoyin jini, sai ɗumin ciki ya watsu zuwa fata. Cikin sa'ar farko jiki kan yi asarar kimanin digiri 1. Ga sanyin ɗakin tiyata, ga ruwan da ake ƙarawa. Makyarkyatar nan ba ƙaramin abu ba ce: tana motsa ɗinki, tana ƙara wa jiki bukatar iskar oksijin, ga mai ciwon zuciya kuwa haɗari ce.

Shi ya sa likitoci kan yi rigakafi da magani mai kwantar da jiki, irin su dexmedetomidine, wanda Amurka ta amince da shi a 1999. Yana rage makyarkyata, amma yana iya rage bugun zuciya ya saukar da jini, saboda haka sai da sa ido. Idan kuma abin ya riga ya faru, akan ba da ƙaramin awo na pethidine ko tramadol. I, tramadol ɗin da ya addabi matasanmu. A hannun likita magani ne.

A nan ne ƙorafina yake. Hausa tana da rawar ɗari, da kyarma, da karkarwa, da makyarkyata, amma a asibiti duk mun tattara abu uku mun kira su "allurar barci": mai gusar da hankali gaba ɗaya, da mai kwantar da jiki, da mai kashe zafi. Wanda ya ji an yi wa matarsa allurar barci bayan an gama aiki, me zai ɗauka in ba cewa al'amari ya ɓaci ba? Laifin ba na harshen ba ne, namu ne da muka yi boko muka bar shi a ƙofar asibiti.

Sannan allura ba ta maye gurbin ɗumi. Tun 2008 ƙa'idar asibitocin Ingila ta ce kada zafin majinyaci ya sauka ƙasa da digiri 36, a kuma ɗumama ruwan da za a ƙara masa. Bargo dai bai fi ƙarfin kowane asibiti ba.

Ina kira ga likitocinmu masu sa barci da su zauna da malaman sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, a fitar da takarda mai shafi ɗaya da za a karanta wa majinyaci da mai jinyarsa kafin su sa hannu: za ka iya yin makyarkyata, ga dalili, ga maganin da za mu ba ka, ga kuma illarsa.