Mangwaro Ba Kayan Marmari Ba Ne

Ina da ƙorafi a kan wani suna da muke furtawa kullum ba mu taɓa auna shi ba: "kayan marmari". Marmari shi ne begen abin da aka daɗe ba a samu ba, abin da rai ke so amma jiki zai rayu ko babu shi. Mai juna biyu tana marmarin tsamiya, wanda ya shekara a Legas yana marmarin furar gida. A nan kalmar take da gurbi. Kuskurenmu shi ne da muka ɗora ta a kan mangwaro da gwaiba da lemo da gwanda, har ta zama sunansu a rediyo da asibiti.

Dubi abin da hakan ya haifar. A Tsiga, kamar sauran garuruwan noma da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, in magidanci ya ce ya ajiye abinci, masara da dawa yake nufi. Abin da aka kira na marmari ba ya shiga lissafin cefane, domin marmari maƙwabcin kwaɗayi ne, mu kuwa tun muna yara ake gaya mana kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Sai kankana ta koma kayan buɗa-baki, lemo da ayaba suka koma na dubiya, wato sai mutum ya kwanta ciwo ake tunawa da su. A Afrilu da Mayu mangwaro na ruɓewa a gindin bishiya, dattijo ya tsallake shi, wai abin yara ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye a kullum. Ma'aikacin lafiya ya ce "a riƙa cin kayan marmari", manomi ya ji kamar an umarce shi da shagali.

Za a ce talauci ne, ba kalma ba. Ban musa ba, tufa da inibi sun fi ƙarfin talaka. Amma gwandar bayan ɗaki nawa ake sayenta? Kuma sau da yawa gidan da ya ce ba shi da kuɗin lemo shi ke aiken yaro ya sayo wa baƙo lemon kwalba.

Babban kaso na laifin namu ne, 'yan jarida da masu fassara, da muka riƙe wannan suna alhali "'ya'yan itace" na bakin kowa. Ni na daina rubuta shi tun bara. Sau biyu edita yana mayar mini da shi.