Daga Tsakar Gida: Kunnen ɗan ɓeran Masar da kafson da na fasa

Yau kuskurena zan tona, don kada wani uba ya maimaita shi a gidansa.

Bara da na je sarin kaya Bafusam, na tarar ana sayar da ɓeran Masar a kasuwa, wanda mutanen nan Kamaru ke kira kobayi. A can yammacin ƙasar kiwonsa ake yi a gida kamar yadda muke kiwon zomo. Sunan ne kawai na Masar, asalinsa daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka yake, wajen ƙasar Peru. Na sayo wa autana mace da namiji, tunda gidan haya a Yawunde ba ya ɗaukar akuya. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki macen ta haifi uku. Abin sha'awa, da gashinsu da haƙoransu ake haihuwarsu, ido a buɗe, kafin yamma ma sun fara zagaya keji.

Suna da mako uku sai na dawo daga shago na iske yaron yana kuka. Babban namijin ya ciji ɗaya daga cikin 'ya'yan, kunne ya ɗan tsage, jinin bai kai a jiƙa auduga ba. Na ce masa ya share hawaye, yanzu Baba zai gyara. Na yi abin da yawancinmu ke yi idan mun ji ciwo a hanya: na ɗauko kafson ampisilin na fasa, na barbaɗa a kunnen, ragowar na dama da ruwa na ɗura masa da cokali. A kwana na uku ya daina cin ciyawa, zawo ya biyo baya, a na huɗu muka wayi gari ya mutu. Kunnen kuwa ya riga ya bushe sarai.

Yaron ya tambaye ni, "Baba, ai kunnen ya warke, to me ya kashe shi?" Ban iya ba shi amsa ba sai da na je wajen likitan dabbobi. Ya yi min bayani cewa cikin ɓeran Masar cike yake da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narkar masa da ciyawa. Magungunan dangin penisilin, irin su ampisilin da amoksisilin, suna kashe waɗannan, sai miyagun su samu fili su zuba guba a hanji. Ko a fata aka barbaɗa, yana iya lashewa. Maganin da ke taimakon mutum, shi ajalinsa ne. Na koma gida na gaya wa yaron gaskiya, cewa hannuna ne, ba cizon ba.

Bayan wata guda ɗaya daga cikin biyun da suka rage ya karce bayansa a jikin waya. Wannan karon ga yadda muka yi. Muka tafasa ruwa rabin lita, muka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, muka bari ya huce. Yaron ya naɗe shi a tawul ya zauna a ƙasa, ni kuma na danna wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, na wanke da ruwan gishirin. Sau biyu a rana muke yi. Muka ware shi a kwali mai busasshiyar ciyawa, kusa da 'yan uwansa yadda zai riƙa jin kukansu, domin dabba ce da kaɗaici ke damunta. Muka rufa gidan sauro saboda ƙuda, don idan ya yi ƙwai a rauni tsutsa ce za ta fito. Ba sifirit, ba toka, ba baƙin mai, ba man zafi. Cikin mako guda wurin ya rufe, daga baya gashi ya tsiro.

Abinci ma magani ne a nan. Kamar ɗan Adam, jikin ɓeran Masar ba ya haɗa bitamin C da kansa, sai ya ci. Idan ya rasa, rauni ba ya saurin warkewa, gaɓoɓi su yi ciwo. Koren tattasai, ɗan yankin gwaba da ɗanyar ciyawa mai tsabta suna biya masa wannan bukata. Albasa da ganyen dankalin Turawa kuwa a nisanta su da shi.

Amma akwai inda ruwan gishiri bai isa ba. Wannan dabba tana ɓoye ciwo, don haka a bakinta ake gane lafiyarta. Idan ta wuni ba ta ci ba, ko kashinta ya ɗauke, kada a jira gobe. Haka idan tana jan ƙafa, ko wurin ya kumbura ya yi tauri, domin mugunyarsu kauri gare ta, ba ta fita da kanta. Cizon mage ko ƙanƙani ne, na likita ne. Sai ido: ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a wurinsu kuwa haka abin yake a zahiri, tsinken ciyawa kan soke su, ido ya yi fari yana hawaye. In haƙorin gaba ya karye sakamakon faɗuwa, zai sake tsirowa, tunda haƙoransu ba sa daina girma, sai dai a yayyanka musu abinci ƙanana a lura ko suna ci.

Yawancin raunukan nan daga keji da hannun yara suke fitowa. Daɓen ragar waya yana kama ƙafar ƙanana har ta karye, a shimfiɗa katako da ciyawa. Kada a haɗa su da zomo, shuri ɗaya ya isa ya illata su. A raba maza da mata tun suna mako uku, don macen kan iya ɗaukar ciki tana wata guda kacal. Yara kuma su zauna a ƙasa kafin su ɗauka, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi. Faɗuwa daga kan gado babban haɗari ne ga ƙashin bayansu.

Mu da tafiya ta yi wa yawa, sau da dama sai a waya ake gaya mana abin da ya faru a gida, mu kuma mu ce "a ba shi kafso" mu ci gaba da ciniki. Ni dai yanzu na rubuta lambar likitan dabbobi a jikin kwalin, kuma autana ne ke wanke rauni da kansa. Ranar da zan tafi Garwa ya rako ni bakin ƙofa ya ce, "Baba, in wani ya ji ciwo, gishiri da ruwa, ko?" Na ce haka ne.

Sai mako mai zuwa, Allah ya ba da kasuwa, ya tsare hanya.