Kiɗan Tekno a Berlin da Mutanen da Suka Tsaya Masa

Sharhinmu na yau ya nufi Berlin, babban birnin Jamus, inda kiɗan da ake haɗawa da na'ura, wanda ake kira tekno, ya samu gata irin wanda bai samu a ko'ina ba.

Asalin kiɗan daga Detroit ne a Amurka. Matasa baƙaƙen fata irin su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson ne suka ƙirƙire shi a shekarun 1980. Sai dai a Berlin ya yi gida. Da katangar da ta raba birnin ta faɗi a 1989, gabashin gari cike yake da kufai da tsofaffin masana'antu waɗanda ba mai kula da su. Samari da 'yan mata na gabas da na yamma, waɗanda aka haifa a gari ɗaya amma ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, suka riƙa haɗuwa a waɗannan gine-gine suna rawa har wayewar gari. A 1991 aka buɗe gidan rawa na Tresor a cikin ma'ajiyar kuɗi ta wani tsohon kanti da ke ƙarƙashin ƙasa, aka kuma riƙa gayyato makaɗan Detroit.

Yau harkar ta zama ta manyan kuɗi. Gidan rawa na Berghain, wanda ke cikin tsohuwar tashar wutar lantarki, mutane kan hau jirgi daga wata ƙasa su yi sa'o'i a layi a ƙofarsa, a ƙarshe ma mai gadi ya ce ba za su shiga ba. Ƙungiyar masu gidajen rawa ta birnin, Clubcommission, ta ƙiyasta cewa a 2018 baƙi kusan miliyan 3 ne suka zo Berlin saboda wannan harka, suka kashe wajen Yuro biliyan 1.5 a otal-otal da gidajen abinci da sufuri.

Na san wasu daga cikinmu za su ce rawar dare ba abin yabo ba ce, kuma tarbiyyarmu daban take da tasu. Wannan gaskiya ne. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda mutanen garin suka warware rigimar da ke tsakanin mai kiɗa da maƙwabcinsa mai son barci, domin rigima ce da kowane gari yake da ita. Da ƙorafin ƙara ya yi yawa, hukumar birnin ta ware Yuro miliyan 1 a 2018 don taimaka wa gidajen rawa su gyara bango da ƙofofi yadda sauti ba zai fita waje ba. Ba a kori mai sana'a ba, ba a kuma ce wa mai gida ya yi haƙuri ya kwana ido biyu ba. A ganina wannan adalci ne, kuma ya fi rufe wuri da kwaɗo amfani.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar ta zo a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe ko'ina. Makaɗa da masu gyaran sauti da masu shara da masu gadi duk suka wayi gari ba abin yi. Cikin 'yan kwanaki aka ƙaddamar da shirin United We Stream: makaɗi ya tsaya shi kaɗai a zaure ba kowa, ana watsa kiɗansa ta intanet, masu kallo daga ɗakunansu suna tura gudummawa. Kuɗin da aka tara ya taimaka wa gidaje da dama biyan haya, aka kuma ware wani kaso don masu ceto 'yan ci-rani a tekun Bahar Rum, tekun da ya ci 'ya'yanmu da yawa. A 2021 majalisar dokokin Jamus ta nemi a riƙa ɗaukar irin waɗannan gidaje a matsayin wuraren al'ada, sannan a Maris na 2024 aka saka teknon Berlin a jerin al'adun gargajiyar ƙasar.

Duk da haka akwai abin da ke damuna. Takardar girmamawa ba ta biyan kuɗin haya. Watergate, gidan da ke bakin kogin Spree, ya rufe a ƙarshen 2024 bayan shekara 22, masu shi suka ce tsadar haya da sauran ɗawainiya ta fi ƙarfinsu. Wasu gidajen kuma suna cikin fargabar babbar hanyar A100 da ake son tsawaitawa ta bi ta kansu. Kuɗin shiga sai hawa yake yi, har ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci na unguwar, irin waɗanda suka share kufan nan da hannunsu, sun fara kasa biya. Su ne kuwa suka tura gudummawa a 2020, su ne kuma suke fitowa titi idan an zo rushe gini, domin baƙon da ya zo da jirgi ranar Juma'a, Litinin ya koma ƙasarsu.