Asalin Kalma: Daga Ina "Falo" Ya Samo Sunansa?

Duk wanda ya taɓa neman hayar ciki da falo a Legas ko Kaduna ya furta kalmar da ta sha doguwar tafiya kafin ta iso bakin Bahaushe. Falo dai daga kalmar Ingilishi ce, parlour, wadda su ma Turawan Ingila suka aro daga Faransanci tun wajen ƙarni na 13. Tushenta shi ne parler, watau yin magana.

Da fari ba ɗakin zaman iyali ba ne. A gidajen ruhubanawan Kirista na Turai, inda doka ta hana surutu, akan keɓe ɗaki guda wanda a cikinsa ne aka yarda a yi zance ko a gana da baƙo. Daga bisani sunan ya koma kan ɗakin karɓar baƙi a gidajen masu hali, sa'an nan ya bazu har ga shagon gyaran gashi da wurin shirya gawa. Daga wannan tushe ne kuma sunan majalisar dokokin Ingila, Parliament, ya fito, watau wurin mahawara.

Abin takaici shi ne, a gidaje da dama yau babu inda aka fi yin shiru kamar falo. Talabijin yana ta zuba, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, baƙo ya zo ya tafi ba a wuce gaisuwa ba. Ya kamata maigida ya tuna cewa don hira aka raɗa wa ɗakin nan suna, kuma da hira zumunci yake ɗorewa.