Jinyar Bushewar Ido da Haske: Ina Matsayin Baƙar Fata?

Iyalin da suka sayar da gona suka kai ɗansu mai amosanin jini Indiya domin dashen ɓargo, burinsu ɗaya ne, a sallamo shi lafiya. Ba kasafai suke sanin cewa ido na cikin gaɓoɓin da wannan waraka kan taɓa daga baya ba. Tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen farko a ƙasar nan a 2011, na Jami'ar Legas ya biyo baya a 2024, batun ya zama namu.

Idan ɓargon na wani ne, ko da shaƙiƙin majinyaci, ƙwayoyin garkuwar da suka zo tare da shi kan ɗauki sabon jikin a matsayin abokin gaba, su far wa fata da baki da hanta da ido. Likitoci na kiran wannan GVHD. A ido, ɓarnar kashi biyu ce. Mahaɗar hawaye takan yi tabo, ruwan ya ragu. Sannan ƙananan kafofin maiƙo da ke jere a gefen fatar ido, waɗanda Bajamushe Heinrich Meibom ya siffanta a 1666, sukan toshe. Maiƙon nan shi ke hana hawaye saurin ƙafewa. Idan babu shi, majinyaci kan wuni kamar an zuba masa yashi a ido, ya kasa jure hasken rana, balle ƙurar hunturu.

Kashi na biyun ne jinyar haske ta IPL ke nufa. Ana rufe idon, a harba walƙiya mai ƙarfi a fatar da ke ƙasansa, galibi zama huɗu da tazarar 'yan makonni. Jini ne ke tsotse hasken, sai ƙananan jijiyoyin da ke rura kumburi su toshe, daskararren maiƙon kuma ya saki. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da na'urar OptiLight a 2021 domin bushewar ido mai nasaba da waɗannan kafofi. A kan masu dashen ɓargo kuwa, binciken da aka yi ƙanana ne, kuma hasken ba ya farfaɗo da mahaɗar hawayen da ta riga ta yi tabo.

Abin da ya fi damuna shi ne launi. Sinadarin da ke ba fatarmu duhu shi ma yana tsotse wannan haske, don haka ƙuna da dabbare-dabbare sun fi barazana ga baƙar fata. A ma'aunin Fitzpatrick mai matakai 6, amincewar FDA ta tsaya a mataki na 4, alhali akasarinmu muna na 5 da na 6. Ranar da wani asibitin kuɗi zai fara tallar na'urar a Kano ko Abuja, wannan ce tambayar farko da ya kamata a yi masa. Akwai wata jinyar ta jan haske mai sauƙi daga fitilun LED, wadda launin fata bai cika yi mata shamaki ba, sai dai hujjarta ba ta yi ƙwari ba tukuna.

A ganina, cibiyoyin dashenmu su fara da abin da ke hannu: likitan ido ya duba majinyaci kafin dashe da kuma bayansa, a tanadi hawayen roba marar sinadarin adanawa, da ɗigon cyclosporine, da ɗigon da ake tacewa daga jinin majinyacin kansa. Iyaye kuma, kafin su baro asibitin Indiya, su nemi a rubuta musu ranar duba ido a takardar sallama.